Mayafin Savina Da Gobarar Bakin Tafki

Como, 16 ga Yuli, 1899

Zuwa ga 'yata Ersilia, a Rosario.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Egidio da ɗan baƙon da ke cikinki. Allah Ya sauke ki lafiya. Mu nan kalau muke, in ban da gwiwata ta hagu da ta fi kowa a garin nan sanin ranar da za a yi ruwa. Gwaggonki Onorina tana nan da bakinta, ko kaɗan bai ragu ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji biyu na yi aka tura ni masaƙa. Ki nemi wuri ki zauna. Kin san ubanki ba ya yawan zolaya a farkon magana sai in ya yi ɓarna.

Takardarki ta same ni tun makonni uku da suka wuce, wadda kika ce in aiko miki da farin mayafin silikin da mahaifiyarki Savina ta saƙa a shekararta ta ƙarshe, don a naɗe jaririn a ciki ranar baftisma. Ersilia, mayafin nan babu shi. Ya ƙone, kuma ni ne sanadi.

Kin tuna mutum-mutumin dutsen nan na dandali da kike tsoro kina ƙarama, Volta? Bana shekara ɗari ke nan da ya yi abin da ya sa aka sassaƙa shi. Yadda na fahimta da ɗan guntun karatuna, wani likita a Bologna ya ce akwai wutar lantarki a ƙafar mataccen kwaɗo, namu ya ce a bar kwaɗo ya huta, ƙarfe iri biyu ne da ruwan gishiri. Sai ya jera faya-fayen ƙarfen kamar kwanonin da aka gama wankewa, da jiƙaƙƙen ƙyalle a tsakaninsu, wuta ta riƙa fitowa ba tsayawa. An ce har harshensa yake ɗorawa ya ɗanɗana. Da ni na yi haka, da mahaifiyarki ta kira mini likita, shi kuwa lambar girma aka rataya masa. To, saboda shi aka gina wani katafaren wurin baje koli a bakin tafki, duk na katako, da hasumiya biyu masu siffar faya-fayen nasa. Aka kawo kayan aikinsa na ainihi aka jera, aka kuma ware wa silikin garinmu zaure guda.

Abokina Gaudenzio marini shi ya tunzura ni. Kullum sai ya tare ni da cewa, kai tsohuwar ƙoshiyar saƙa, zamaninku ya wuce, inji ya gama da ku, ku je ku saƙa wa jaki bargo. Ni kuma na ce masa, kai mai shuɗin farce, akwai abin da ke cikin akwatina wanda in injinku ya gan shi zai tsaya don kunya. Baki ya ja ni. Na buɗe akwatin, na ɗauki abin da yake naki ban tambaye ki ba, na kai aka rataye shi a zauren silikin. Duk Lahadi bayan coci sai in je in tsaya kusa da shi kamar baƙo. Wata mata daga Milano ta ce wannan ba aikin hannun mutum ba ne, na ce mata, ranki ya daɗe, na matata ne, da hannun da take tuƙa mana tuwon masara ta yi shi. Daɗin wannan magana ya sa da takardarki ta zo na ce bari a ƙara mako guda. Makon ya zama biyu.

Ranar Asabar takwas ga wata, da hantsi, na tafi da niyyar karɓo shi. Ina bakin ƙofa ina yi wa mai gadi surutu sai na ji an kwarma ihu. Na ɗauka wasa ne. Kafin in juya, hayaƙi ya rufe rana. Jama'a na fitowa, ni ina kutsawa. Na kusa zauren silikin, har ina hango kusurwar da yake, sai wani malami mai tabarau ya cafke ni, fuskarsa duk toka, ya danƙara mini akwatin katako a ƙirji, ya daka mini tsawa wai baba, don Allah waje, kayan Volta ne, maza! Ersilia, shekara sittin ina bin umarnin masu tabarau, ƙafata ta amsa kafin kaina ya yi tunani. Na fito da gudu na ajiye a kan ciyawa, na juya zan koma, babu ƙofar ma. Wuta ce tsaye kamar bango. Warin siliki in yana ƙonewa irin na gashin mutum ne, har yau yana hancina. Na ga hasumiyoyin nan sun rusuna sun zube. Ko awa guda ba a yi ba, wuri ya zama fili. Allah Ya kiyaye, ban ji an rasa rai ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya zo daga baya. Mutanen da ban sani ba suna tare ni a hanya suna ba ni hannu, wai na ceci tarihi, ni da ban san ko mene ne a akwatin ba. Gaudenzio ya zo gida ya cire hula, ya zauna yana kuka, ya ce Fermo, ka mare ni. Na ce masa hannuna ya gaji. Gwaggonki ba ta yi kuka ba, ta dai ce sannu jarumi, ka fitar da kayan mamacin mutane ka bar na matarka. Ana ta raɗe-raɗin wai wayar lantarki ce ta haddasa gobarar. In haka ne, abin da Volta, bawan Allah, ya kamo shi ya dawo ya cinye yawancin kayansa. Amma masana sun ce aikinsa bai ƙone ba, ya rubuta yadda ake yi, kowa na iya sake jerawa, kuma har sun fara maganar sake gina wurin. Savina ba ta rubuta komai ba. Abin da ta sani yana cikin yatsunta, sun tafi tare.

Jiya na hau ɗakin sama, na buɗe masaƙarta da ban taɓa ba tun da aka binne ta. Kin san ba ma cire zaren wadari duka in an gama aiki, ana barin jela don a ƙulla sabo a kai. Jelar mayafin nan tana nan, fara fat, kamu guda da ɗan kai, da ƙulle-ƙullen da ta yi da hannunta. Na auna da ido, zai isa hular jariri, in idona bai ci amanata ba. Amma in na saƙa na yanke, masaƙar ta zama wayam, kuma shi ke nan abin da ya rage na hannunta a duniya. Na ɗauki ƙoshiya, sai na mayar na ajiye. Wannan ma naki ne. In kin ce hula, zan saƙa ta iso kafin baftisma. In kin ce a bar shi, ko ƙura ba zan kaɗe ba. In kuma kin ce ba ki son jin sunana sai an kwana biyu, kina da gaskiya.

Ki gaida Egidio da ƙanwarsa Clelia. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ita ba ta san an buɗe akwatin ba, kuma gaskiya ta faɗa. Na kulle ɗakin saman na ba ta mabuɗin, sai amsarki ta zo.

Ni ne ubanki mai laifi,
Fermo Noseda