Abin da Ya Sa Gimbiya Take Jin Maganata

Litinin, 5 ga Mayu

Wuta ta ɗauke sau biyu yau, sau biyu na hau bene. Gwiwar nan sai addu'a.

Da rana Manaja ya kira ni ofis. Na tarar da wata yarinya da kwamfuta a cinya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Wai injiniya ce. An kawo ta ne ta tsara yadda na'urorin awo za su riƙa tashi da kansu idan wuta ta dawo, ba sai an nemo ni ba. Shekara ashirin da uku ina tayar da su da hannuna a masana'antar lemon nan. Manaja dai bai yi mini kwana-kwana ba: ranar da abin ya yi aiki, nawa aikin ya ƙare, sai ritaya. Ya ce in ba ta haɗin kai. Na ce to.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye wa littafina ba. Amma wallahi tun da na fito tambaya ɗaya ke cina: ta yaya ƙarfe zai san wuta ta dawo, har ya san wanda zai fara tayarwa?

Laraba, 7 ga Mayu

Na zagaya da ita. Na nuna mata ƙaramin famfon da ke ƙasa kusa da tanki, wanda yake jan lemo ta siririn bututu ya kai shi ɗakin awo a sama. Can sama su uku ne: mai auna tsami, mai auna gas, sai mai auna zaƙi, wadda muke kira Gimbiya saboda tsirfarta. Ita ce ke gaya wa injin haɗi ya ƙara sukari ko ya ƙara ruwa. In ta yi ƙarya, tanki guda ya tashi a banza.

Yarinyar akwai ladabi, akwai rubutu. “Baba, daga famfo sai me?” Na ce sai na'urori. “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan mana. Ta dube ni kamar na ɓoye wani abu a aljihu.

Ni ma na yi tawa tambayar. Ashe wani ɗan akwati ne mai batir, ba ya mutuwa in wuta ta tafi, shi ke zaman jira ya ba kowa umarni. Ikon Allah.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ta bar ni na leƙa cikin akwatin. Wayoyi ne da 'yan fitilu, shi ke nan. Wai wannan ne magajina?

Talata, 13 ga Mayu

Gwajin farko. Da gangan aka kashe wuta minti ashirin, aka mayar. Kafin in ƙifta ido famfo ya tashi, na'urori uku duk sun kama. Abin ya burge ni, ba ƙarya. Sai kawai Gimbiya ta ce zaƙi ya yi kaɗan, injin haɗi ya shiga zuba sukari ba ji ba gani. Kafin a tsayar, rabin tanki ya lalace. Dogo mai kula da injin ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ko ƙudan zuma ya sha sai ya nemi ruwa.

Aka sake kashewa, aka ce in yi da hannu. Na kunna famfo, na hau, na danna. Gimbiya ta ba da awo daidai, lafiya lau.

Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Amma me ya sa? Abin da na yi shi akwatin ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ragi ba ƙari.

Alhamis, 15 ga Mayu

Yau Injiniya ta gwada da hannunta, ba akwati. Ta kunna famfo, ta haura bene da gudu tana tsallake matakala bibbiyu, ta danna. Ƙarya dai Gimbiya ta sake yi. Dogo ya tuna mana ai bara da na tafi hutu, wanda ya riƙe mini ma haka ya yi ta fama da ita.

Yanzu magana ta bazu wai tofi nake mata. Mai shara ma yau da hannu biyu ya gaishe ni. Injiniya ta biyo ni tana sunkuyar da kai: “Baba, don Allah kar ka ji haushi, me kake cewa idan za ka danna?” Na ce bisimilla. Ta ce ai ita ma ta yi. Muka yi dariya, amma tata ba ta kai ciki ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Manaja ya ce idan wata ya ƙare abin bai yiwu ba, a tattara a bari, in ci gaba da aikina. Na gaya wa uwar yara. Tana ninkin kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. “To Malam, sai ka ja bakinka ka yi shiru. Auta bai gama makaranta ba. Ai ba kai ka hana yarinyar yin aikinta ba.”

Na ce ni da me zan yi shirun? Ni kaina ban san dalilin ba. Kuma shi ne ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ina yin abu yana yi, ashe ban san me nake yi ba!

Lahadi, 18 ga Mayu

Na zazzage akwatin tsofaffin littattafan aikina a tsakar ɗaki, ƙura ta sa ni atishawa har uwar yara ta kore ni baranda. Abin mamaki: ashe ni ma Gimbiya ta gasa mini. Kusan kowane wata na rubuta, “Ta yi ƙarya, na kashe na sake kunnawa.” Na manta sam. Sai shekara tara da suka wuce rubutun ya ɗauke ɗif, bai sake fitowa ba.

Ba a canza ta a shekarar ba, ba a canza bututu ba, na duba. Na leƙa ɗaki na ce, wai me ya faru shekara tara baya? Ta ce, “Ban da faɗuwar da ka yi a babur ka dawo mana da ɗingishi?” Na ce ke dai kin cika tsokana.

Litinin, 19 ga Mayu

Wuta ta ɗauke sha ɗaya saura, ta dawo bayan rabin awa. Maganar uwar yara ce ta sa na dubi agogo da na kunna famfo. Matakala arba'in da biyu ne, yau na ƙirga. A tsakiya akwai inda nake dafa ƙarfe in huta, kuma nan ne bututun ya bi ta jikin bango, da wani ɗan yanki na roba da ake ganin ciki. Kullum ina tsayawa a wurin, gwiwata kawai nake kallo. Yau na kalli bututun.

Kumfa! Kumfa ce ke wucewa jere-jere. Lemon da ya tsaya a bututu ya ɗumama, gas ɗinsa ya fito. In Gimbiya ta farka ta tarar da kumfa, dole ta ga kamar zaƙi ya yi kaɗan. Na tsaya ina kallo har ta wuce, lemo ya zo garau. Na ƙarasa sama, na dubi agogo: minti bakwai.

Ba hannuna ba ne, ba tofi ba ne. Gwiwa ce. Na zauna a kan durom ina ta dariya ni kaɗai, har Dogo ya leƙo ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce lafiya ƙalau.

Laraba, 21 ga Mayu

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Saura kwana goma in tsira.

Yarinyar ta canza wayoyi, ta kwance akwati ta mayar, ko abincin rana ba ta fita. Ɗazu na ji Manaja yana ɗaga mata murya ta bayan ƙofa. Na wuce kamar ban ji ba. Abin yana yi mini ƙaiƙayi a harshe, sai in tuna Auta in haɗiye.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na faɗa.

Ba tausayi ba ne, ko in ce ba shi kaɗai ba. Ita ce ta same ni a ƙasa, idonta ja. “Baba, na haƙura. Zan rubuta cewa na'urar zaƙin ce ta tsufa, a cire ta a kawo sabuwa.” Wai a cire Gimbiya! A kan laifin da ba nata ba, ita da abin da aka ba ta kawai take faɗa. Kuma sabuwar ma kumfar za ta sha. Ban san lokacin da na ce, 'yata, sa a kashe wuta, ki zo mu hau bene, amma da irin tafiyata.

Muka hau a hankali, tana ta cije leɓe don gajen haƙuri. A wurin hutuna na ce dubi nan. Ta duba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dafe kai ta zauna a matakala.

“Baba, ka san abin da wannan zai jawo maka?”

Na ce na sani, rubuta minti bakwai. Ta yi lissafi ta ce biyar ma ya isa. Na ce ranar zafi fa? Rubuta bakwai. Ta rubuta.

Juma'a, 23 ga Mayu

Bayan la'asar na gaya wa uwar yara abin da na yi. Da ta ajiye mini shayi ta ce, “Dama na sani. Kai in ka gano abu, ko ɗaure bakinka aka yi sai ka nuna da hannu.” Ta ce Allah zai rufa asiri. Na ce amin, ban iya haɗa ido da ita ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Gwaji uku, duka sun yi. Famfo ya tashi, sauran biyu suka kama, Gimbiya ta yi zamanta a duhu har lokacinta ya cika. Mutane suka tafa. Injiniya ta gaya wa Manaja a gaban kowa wanda ya gano, ya girgiza mini hannu sosai. Takardata ta ce ƙarshen Yuli.

Kafin nan ta yi alkawarin nuna mini yadda ake rubuta wa akwatin umarni. Ina son in ga inda bakwai ɗin take zaune.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na miƙa makulli. Na sauko benen, ban tsaya a tsakiya ba.

Talata, 12 ga Agusta

Wuta ta ɗauke wajen goma, ina gyara wa maƙwabci fanka a baranda. Layin wutarmu ɗaya da masana'anta. Ba ruwana, na ci gaba da aikina. Da ta dawo na ɗan jira, sai na ga waya a hannuna.

Wata baƙuwar murya ta ɗauka a ɗakin awo, sabon ma'aikaci ne. Ya ce wa ke magana? Na ce wani ne, tambaya kawai zan yi, na'urori sun tashi? Ya ce tuni. Na ce mai zaƙin fa? “Ita sai da ta yi jiranta. Kullum sai ta yi minti bakwai, wallahi ban san dalili ba, haka na tarar.” Na ce to ka bar ta haka, kar ka taɓa. Ya ce to, Baba.

Uwar yara ta leƙo ta ce murmushin me nake yi ni kaɗai. Na ce fankar ce ta tashi. Ko haɗa ta ban gama ba.