Makiyayan da Sadisu Ya Tafa wa

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024
Jiya ne komai ya sauya mini. Ogan mijina Sadisu, Baturken da yake sayar wa kujeru, ya gayyace mu bikin al'adunsu a Wuse. Na zata zan ga irin na cikin littattafaina na soyayya, furanni da masoya. Sai ga 'yan mata sun fito da dogayen riguna masu tsaga uku, sulalla jere a goshi, suna kaɗa cokulan katako suna juyi. Wai rawar Yoruk ce, masu hawa tsauni da awakinsu idan zafi ya kama. Makiyaya! Mijina har da miƙewa yana tafi.

Matar oga ta ce a tantin gashin akuya aka haifi kakarta. A gaban kowa ta faɗa, tana murmushi. Ta tambayi namu asalin. Kafin in buɗe baki Sadisu ya ce, "Madam, mu 'yan birni ne."

Litinin, 7 ga Oktoba
Ni da aka binne cibiyata a ruga, bayan Paikon Kore, can Gwagwalada.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ya sayo mini ɗankwalin Turkiyya mai sulalla. "Zuhra, ɗaura mu gani, ki ga wayewa." Rigar saƙin marigayiya Inna da sulallan kitsonta kuwa suna ƙasan akwati tun ranar da ya ce ƙarnin nono suke.

Litinin, 14 ga Oktoba
Hussaina ƙanwata ta kira, ranar Juma'a ne bikinta. "Adda, Inna ba ta nan. In ba ki sa kayanta kin buɗe mini filin rawa ba, wa zai buɗe?"

Sadisu ya ce in je da abaya, in gaisa, in dawo. Ban da rawa. Kada wani ya ɗauka a waya, abokansa su gani.

Na gaya wa Catherine maƙwabciyata. Ta kwashe da dariya: "To oga naka yana son Fulani na Turkey ne, na gida ba ya so?" Na taya ta da dariyar yaƙe.

Talata, 15 ga Oktoba
A littafi, nan ne mijin zai shigo ya durƙusa. Nawa ya shigo ya tambayi abinci. Na rufe littafin a tsakiya.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Ban yi kuka ba yau, ban san dalili ba. Na wanke rigar Inna, na shanya a igiyar waje. Sadisu ya wuce ta gabanta, ni kuwa ban nemi izini ba.

Gobe da safe zan hau motar Gwagwalada. Ni zan buɗe filin.