Ruwan Zafi Ya Fito a Tajaye

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya a can Aljeriya, ya kuma sauƙaƙa maka wahalar nema. Mu nan Tajaye lafiya lau. Matarka Bushira ta samu ƙarfi, ɗiyarka kuwa ta kwaso hancinka kaf, Allah ya ba ta haƙuri.

Ka san tun da ta haihu babu mai yi mata icen wankan jego, ruwa ma sai an bi jaki nesa. Uwarta ta aiko daga Tsarnawa cewa za ta zo ta tafi da su, kuma ba za su dawo ba sai ranar da ka dawo. Wallahi raina ya ɓaci, don Inna ba ta da wani abin farin ciki sai jaririyar nan. Ga rijiyar nan mai zurfi da aka haƙa bayan gari ta ƙi ba da ruwa, har ana maganar toshe ta da siminti.

Sai aka turo wata injiniya, Mubaraka, 'yar Illela. Ta zura wani dogon ƙarfe da waya cikin ramin. Ni da shegen tambaya na matsa kusa, ta ce mini ƙarfen yana jin zafi ne kamar yadda ungozoma ke taɓa ruwan jariri, kuma duk inda dutse ya tsage ruwan zafi ke shigowa, nan layin da ke kan na'urarta zai karkace. Muna tsaye rana ta gasa mu, layi shiru. Can ƙasa sosai sai ya yi tsalle! Ashe lakar haƙa ce ta toshe tsagar. Suka wanke daidai wurin, kai Sabi'u, ruwa ya taso da ƙarfinsa yana tururi! Mata suka ɓarke da guɗa, ni kam kuka na yi.

Yanzu a bokiti muke ɗebo wa Bushira, ɗan ice kaɗan ya isa a ƙarasa tafasa shi. Surukarka ta zo da shirin tafiya da su, ta tsoma hannu cikin ruwan ta ji zafinsa. Yau tana nan tana gasa gwiwoyinta, ta ce ba inda kowa zai je.

Inna na sa maka albarka. Baba Rabo da Awal na gaishe ka. Ka gaida Muttaƙa abokin zamanka. Iyalinka suna gidanka, ɗiyarka na bayan Inna. Kai kaɗai ne ba ka gan ta ba.

Yayarka,
Badi'a