Injin da Ba Shi da Murfi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Inna, kin riga kin ji injin yanka katako ya cinye wa Autanki yatsu a masana'antar da nake limanci. Abin da ba ki sani ba, tun bara ma'aikata ke roƙon a sa wa injin nan murfi. Da abin ya faru suka haɗa baki za su ajiye aiki, Auta ne a gaba.

Mai masana'anta ya kira ni ofis. Wallahi bai umarce ni da komai ba. Ya dai tambayi lafiyar yarana, ya tambaya ko gidan da ya ba mu yana yoyo, sannan ya ce mutane na bukatar a tuna musu da haƙuri. Shi ya gina masallacin. Ni kuwa ba na bari a ta da iƙama sai ya iso dardumarsa a sahun gaba, ko da hutun ma'aikata zai ƙare ba su ci abinci ba.

Ranar Juma'a na yi huɗuba a kan ƙaddara. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, Inna. Maganar murfin ce kawai na tsallake.

A gaida mutanen gida.

Ɗanki,
Liman

Zuwa ga Innata,

Salama da gaisuwa. Na ji ƙafa ta yi sauƙi, alhamdulillahi.

Na so a ce Auta ya zage ni, da na samu sanyi. Maimakon haka gida ya zo ya durƙusa da hannunsa a naɗe, ya ce, "Yaya, da zuciyata tafasa take, huɗubarka ta kwantar da ita. Na haƙura." Kin san shi, tun yana ƙarami duk abin da na faɗa shi ke nan.

Da ya janye, sauran suka koma aiki. Injin yana nan yadda yake, maƙwabcinmu mai 'ya'ya mata aka ɗora a kansa. Ɗazu bayan azahar ya tare ni a bakin famfo, ya roƙe ni in yi masa addu'ar tsari. Na ɗaga hannuwana, yatsuna goma cif-cif, na kasa haɗa ido da shi. Auta yana gefe yana cewa amin.

Kunya nake ji, Inna. Don Allah ki daina faɗa wa mutane ɗanki malami ne.

Ɗanki,
Liman