Shafin Ƙarshe Ya Tafi da Daddawa

Bodinga, daren Laraba, 1963

Tsofaffin littattafan da maigida ya tsinto mini a kasuwar Shagari, na wani marubuci da aka manta, na kai na uku. A ciki jirgin ƙarfe yana saukowa daga taurari a daren husufi, ya kwashe matafiya.

Yau rana ta kama wata. Yara na ta dukan gwangwani, maigida kuma yana hanya bisa keke, bai dawo ba.

Na ruga in duba ko waɗanda aka kwashe suna komowa. Babu shafin ƙarshe! Inna ta ce, "Mi za ki yi da takardar boko, ɗiyata? Na ƙunshe daddawa ciki."

Na san ƙage ne. Amma ya Allah, ina ƙararrawar kekensa?