Inda Baba Ya Kai Masu Awon Ƙasa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wasu samari sun zo gonarmu da wani ƙarfe mai murɗe, suna huda ƙasa suna zubawa a leda. An ce kamfanin haƙar ma'adinai ke son wurin, kuma ofishinku ake kai ƙasar a auna. To, malam mai farar riga, ga ranar karatunka ta zo. Ka duba mana, don ni hankalina bai kwanta ba. Baba kuwa tun tafiyarsu yake ta murmushi shi kaɗai, ya ƙi faɗar dalili.

Ka gaida amarya da yara.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa tare da girmamawa. Allah ya ba Inna lafiya.

Wasiƙarki ta same ni a makare. Ledojin da lamba suke zuwa mana, ba da sunan gona ba. Muna auna tsamin ƙasa, da zurfinta, da yadda take riƙe ruwa, sannan mu ba ta mataki. Idan ta samu na ɗaya ko na biyu, manoma ake bar wa. Idan na uku ne, sai a ba masu haƙa.

Sai da na karanta saƙonki na bi lambobin, na gane namu ne. Mataki na uku suka samu, tsakuwa ce zalla, kuma ni na sa hannu. Yaya, na kasa cin abinci. Ni da na taso ƙafata na nutsewa a baƙar ƙasar kwarin gonarmu, na san ba ita na auna ba. Don Allah a ina suka huda?

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake rubutun nan don ɓacin rai.

Na tsare Baba da tambayarka, sai ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ka san halinsa, ko buhu nawa ya sauke, in baƙo ya tambaya sai ya ce, “Ai ƙasar ta gaji.” To da ya ji mutanen za su zo, ya ɗauka ƙasa mai kyau suke nema su ƙwace. Tun kan su iso ya ja ƙaya ya toshe hanyar kwari. Ya ce musu ai can laka ce, motarsu za ta kafe, ga macizai. Su kuma da takalmansu masu sheƙi, ba su ko yi musu ba. Ya ja su bayan tudu, inda ko akuya ba ta tsayawa, ya tsaya a kansu har suka cika ledojinsu.

Ya ce min, “Ke dai bari, na yi musu wayon manya. Wa zai yi kwaɗayin tsakuwa?”

Da na karanta masa sauran wasiƙarka, dariyar ta ɗauke. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai da Inna ta aika a nemo shi. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Ka yi wani abu mana, kai ne a ciki.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina neman afuwar jinkiri.

Na shiga wurin shugabanmu na roƙi a sake ɗibar ƙasar. Ya saurare ni da kyau, ya ce rahoto ya riga ya wuce sama, an ba kamfani izini. Ya ƙara da cewa tunda gonar ubana ce, ko na sake aunawa ba wanda zai yarda da ni. Na bi ofis-ofis har masu gadi sun daina tambayata wurin wa na zo.

Abin da ke cina shi ne, shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa zama na yi wa Baba bayaninsa ba. In ya tambaya sai in ce, “Awo ne kawai, Baba.” Da ya san yadda abin yake, da shi zai ɗauke su a kafaɗa ya kai su kwarin.

Ki ba shi haƙuri. Ni nauyin haɗa ido da shi nake ji.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Motocin haƙa sun iso, sun fara daga kwari.

Baba ya ce ba ya fushi da kai, ka zo gida. Kafin su kafa shinge ya cika buhu guda da baƙar ƙasar, ya ajiye a ɗakinsa. Zan ba wani direban motar haya ya kawo maka kaɗan. Ya ce ka auna masa, ba don a kai ko'ina ba. So yake kawai ya ji mataki na nawa ce.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka