Jarumai Marasa Baki a Shagon Dorathy

Kafanchan,
11 ga Disamba.

Dora tawa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin tashi lafiya, ke da 'yarmu Chika da 'yan biyunta da suka ƙwace mini mata. Yaya wurin aikin da aka yi wa Chika, ya fara kamewa? Yaya gwiwarki da sanyin Jos? Ni lafiyata ƙalau, in ban da tuwon da nake tuƙawa, wanda ko kajinki sai sun yi shawara kafin su ci.

Na ba Wilfred direba wannan takarda don kunnenki ba ya shiri da waya, abin da zan faɗa kuma ba na ihu ba ne. Ki sami wuri ki zauna tukuna.

Da za ki tafi wankan jego kin bar mini shago da babban aiki guda ɗaya, wato kyautar yaran Sande Sukul ta ranar ashirin da shida, wadda ba ki taɓa fasawa ba shekara goma sha tara, tun shekarar da muka binne yaronmu. Ke da ƙafarki kike zuwa Onitsha, ki sa Marcel mai sayar miki da kaya ya buɗe kowane katan ki leƙa. Ni kuwa na ce mene ne amfanin wahala ga waya a aljihu. Na kira shi na ce ya aiko da mutum-mutumin roba na jarumin fim ɗin da ake yayi bana, guda tamanin da huɗu, da allon wasan da ke tafiya da shi. Ya ce bari ya turo hoto, na ce ya bar shi, ai jarumi jarumi ne. A raina irin wanda muka saya wa yaronmu nake gani, mai jar riga da murmushi har kunne.

Jiya kaya suka iso. Dora, ina yanka katan na farko sai da na ja da baya. Baƙi ƙirin daga kai har ƙafa, idanu jawur, ga ƙugiya a hannu an shafa mata jan fenti kamar jini. Fuskar kuwa ta ƙarfe ce, babu baki sam, ko ɗan layi. Allon wasan kaburbura ne a jere, kana jefa ƙwayar ludo kana tsallake su. A jikin kwalin an rubuta cewa ba na 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar ba ne. Yaranki akwai masu shekara huɗu.

Na kira Marcel, ya yi ta dariya, wai zamani ya canza, jaruman yanzu ba sa murmushi, wannan ne ke tashe har Legas. Na ce ya musanya. Ya ce masu jar rigar tun bara aka daina kawowa, shi ma ranar Asabar zai rufe shago ya tafi ƙauye Kirsimeti.

Laifina ne, ba na kowa ba. Amma kada ki taso, Chika ko tsayuwa ba ta iya yi ita kaɗai. Ki shafa mini kan jariran.

Mijinki mai taurin kai,
Onyedika.

Kafanchan,
15 ga Disamba.

Dora,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Na ji daɗi da jin Chika ta fara takawa har bakin ƙofa. Kina shan maganin gwiwar, ko kin ɓoye shi a jaka kamar kullum?

Amsarki ta iso, layi uku cif. Na ɗauka zagi zan sha, sai na ga kin rubuta wai ke dai kin san mai fentin taragon Reluwe kika aura, ba ɗan kasuwa ba. Na karanta sau biyar kafin in gane ba baƙar magana ba ce kaɗai.

Kafin takardarki ta zo, Mama Zipora shugabar Zumuntar Mata ta biyo shago ganin kaya. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ta ce, “Baban Chika, wannan dodo ba zai shiga coci ba. Ka manta yaran da suka gudo daga ƙauye? Masu rufe fuska ne suka kore su.” Ban manta ba, yara goma sha ɗaya ne a ajin. Kunya ta rufe ni. Ta ce in babu wani abu, bana a haƙura, Zumunta za ta raba biskit da alewa. Na ce ta ba ni mako guda, alhali ban san abin da zan yi da shi ba.

Kada ki yi dariya, shekaranjiya da azahar na shiga gidan kallo na bayan tasha, ni da furfurata cikin samari, don in ga wane ne wannan da na tara a shagonki. Ashe mai gadin wata gada ne. Gadar ta karye da 'yarsa a kai, sai ya ƙera wa kansa fuskar ƙarfe, daga ranar bai sake magana da kowa ba, har matarsa. Tana ajiye masa abinci, tana yi masa hira, shi yana kallon bango. Samari suna ta tafi in ya yi duka, ni kuwa matar nake kallo. Ban kai ƙarshe ba. Na ce wa mai gidan kallon zafi ne ya kore ni.

Yau na sauko da akwatin fentina daga saman kwaba. Buroshi biyu asu ya cinye, sauran suna nan.

Naki,
Onyedika.

Kafanchan,
21 ga Disamba.

Uwargida sarautar mata,

Barka da Lahadi. Ina gaishe ki da Chika da mijinta da 'yan biyu. In suna hana ki barci ki tuna ke kika yi ta addu'ar jikoki.

Tsakar gidanki ya zama shagon fenti. Yadda muke yi wa tarago haka na yi musu: a goge da samfefa, a shafa farin fenti na ƙasa, a bar shi ya bushe sosai, sannan launi. Na datse ƙugiyoyin da filaya na goge wurin, yanzu hannun kamar mai ɗaga gaisuwa. Rigarsu kore da rawaya, kalar jirgin fasinja na zamanin babana. Mama Zipora ta leƙo ran Alhamis don ta ga ko na haƙura, ta ƙare musu kallo, ta tafi. Washegari sai ga ta da mata shida da kekunan ɗinki biyu da ƙyallayen ankon Zumunta. Sun ɗinka wa kowane ɗaya 'yar alkyabba, suna waƙa suna gulmar tuwona.

Allon kaburburan na kife shi, bayansa fari ne tas. Na zana layin dogo da tashoshi, Kafanchan, Kagoro, Manchok, Kuru, Bukuru, duk wanda ya riga isa Jos ya ci. Kin san dalilin da ya sa na ajiye ƙarshen a Jos.

Bakin ne ya ba ni wuya. Biyar na farko da na zana kamar masu ciwon haƙori suka fito, sai da na goge. Hannuna ya saba da lamba da harafi, bai san murmushi ba. Sai na ce bari in nemi abin kwaikwayo. Ki gafarce ni, na buɗe akwatinki. Na san tun da daɗewa jarumin yaronmu yana ƙasan zannuwanki, cikin farin ƙyalle, ina dai yin kamar ban sani ba. Jar rigar ta koɗe, ga sawun haƙoransa a ƙafar hagu, inda yake tauna in zazzaɓi ya kama shi. Na zauna bakin gado da shi a hannu har fentin da na dama ya bushe a gwangwani.

Dora, akwai abin da kika sani, ni ma na sani, ba mu taɓa faɗa ba. Kowace ranar ashirin da shida nakan buɗe shago in ce masu saye suna da yawa. Ba kowa a kasuwa ranar. Tsoron shiga cocin nake yi. Sunansa ma ban sake furtawa ba, har mutane suka gaji da kirana babansa ba na amsawa suka koma ce mini Baban Chika. Kika ɗauki wannan kaya ke kaɗai, ba ki taɓa yi mini gori ba.

Yanzu Mama Zipora ta ce al'adarki ba za ta canza ba: mai kyauta ne ke tsayawa, ya kira kowane yaro, ya miƙa masa, ya ce daga ɗan'uwanka wane. Na roƙe ta ta yi a madadina. Ta ce, “Ni ba ni na haife shi ba.” In ban tsaya ba, za a zuba su a kwando kowa ya ɗauka, ba a ambaci kowa ba. Ki yi mini addu'a, ban san ko zan iya ba.

Naki har kullum,
Onyedika.

Kafanchan,
27 ga Disamba.

Dora tawa,

Barka da Kirsimeti, barka da ganin ƙarshen shekara. Ina fata ke da mai jego da jarirai kun ci shinkafa lafiya. Na gode da yajin da kika aiko, da takardar da ba komai a cikinta sai sunana da kika rubuta da manyan baƙaƙe. Tana aljihun rigata.

Jiya da safe na ɗauki makullin shago, har na kai mararrabar kasuwa. Gaskiya nake gaya miki. Na tsaya a nan masu keke suna ta yi mini hon, sannan na juya.

Cocin ya cika da yara da iyaye. An jera jaruman a kan tebur da alkyabbarsu, kowa da murmushinsa, wasu a karkace amma murmushi ne. Mama Zipora ta ba ni takardar sunaye ta koma ta zauna ta naɗe hannu. Na kira ta farko, Serah, 'yar shekara biyar, cikin waɗanda suka gudo daga ƙauye. Ta zo ta tsaya gabana. Na miƙa mata, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Yarinyar ba ta karɓa ba, ashe 'yan ajin sun riga sun koya mata cewa sai an faɗi sunan ake karɓa. Ta ɗaga kai ta ce, “Baba, daga wane?”

Na faɗa, Dora. Muryar ta fito kamar ta tsohuwar ƙofa, amma na faɗa. Ta karɓa, ta duba fuskar abin, ta yi masa dariya ta ruga wurin uwarta. Na kira na biyu. Wajen na goma hawaye suka zo, ban share ba, hannuwana duka biyu suna da aiki. Wajen na arba'in sai na ji ina faɗinsa yadda nake kiransa da, in ya daɗe a wasa bakin layin dogo. Sau tamanin da huɗu na kira yaronmu jiya, bayan shekara goma sha tara.

Kumai. Ga shi na rubuta. Kumai, sunan da babanki ya raɗa masa, ni kuma na yi ta gardama wai ya fi ƙarfin harshena.

Na mayar da mai jar rigar cikin ƙyallensa, amma ban tura shi ƙasan zannuwa ba, yana kan tebur kusa da Littafi Mai Tsarki. In kin ga bai dace ba, kya mayar. Abu ɗaya nake roƙo. In kin dawo ki zauna ki ba ni labarinsa, akwai abubuwan da na ƙi tunawa har suka ɓace mini. Wace waƙa ce yake yi in ana yi masa wanka? Na yi ta nema tun jiya ban samu ba.

Baɗi tare za mu je Onitsha, ki buɗe katan ina riƙe miki jaka. Ki gaida Chika, ki ce mata 'yan biyu suna da allon jirgi guda na ajiye musu. Ubangiji ya dawo mini da ke lafiya.

Ni ne mijinki,
Baban Kumai.